Tarihin De Havilland, Maƙerin Jirgin Katako da Yadi

Ina roƙon malamaina da iyayenmu su yi mini afuwa idan alƙalamina ya yi tuntuɓe, gama yaro ne ke ba da labarin manya.

Duk wanda ya taɓa raka alhaji filin jirgin sama na Kano ko na Dutse ya ga irin jiragen zamanin nan, manya-manya, jikinsu duk ƙarfe, ɗaya ya kwashe mutum ɗari uku ko fi. To, jiragen da suka fara sauka Kano ba haka suke ba. Malaminmu na tarihi ya nuna mana hoton irinsu lokacin da aka cika shekara 100 da zuwansu, watau a watan Nuwamba na 2025. Fiffikensu hawa biyu ne, ɗaya sama ɗaya ƙasa, an tokare tsakaninsu da sanduna, an ɗaure da waya. 'Yan ajinmu suka bushe da dariya, har wani ya kamanta jirgin da rumfar kasuwa wadda aka sa wa ƙafafun keke. Da malam ya gaya mana cewa yawancin jikinsa katako ne da yadi, sai dariya ta ƙaru. Ni dai ban yi dariya ba, domin mahaifina tela ne a Gumel, ƙanensa kuwa kafinta. Na lura sunan jirgin ya fara da haruffa biyu, D da H. Na bi sawun haruffan nan, na tarar ashe sunan mutum ne, Geoffrey de Havilland. Tarihinsa ne zan ba ku a taƙaice.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haife shi ran 27 ga watan Yuli 1882, kusa da garin High Wycombe a ƙasar Ingila. Mahaifinsa limamin coci ne, kuma mutanen gida sun so yaron ya gaji ubansa. Amma tun yana ƙarami hankalinsa na wajen injuna. Daga 1900 zuwa 1903 ya yi karatu a makarantar koyon aikin injiniya ta Crystal Palace a Landan. Tun yana ɗalibi ya haɗa babur da kansa, ya riƙa hawa abinsa. Da ya gama makaranta ya yi aiki a kamfanonin motoci, yana zana fasalin injuna a takarda, daga baya ya koma wani kamfani mai ƙera bas-bas.

A 1908 labari ya cika jaridun Turai cewa wani Ba'amurke mai suna Wilbur Wright yana tashi sama da jirgi a Faransa, jama'a na kallo. Tun daga ran nan de Havilland bai sake samun sukuni ba. Ya tafi wurin kakansa na wajen uwa, ya bayyana masa abin da ke ransa. Tsohon ya ba shi fam 1,000. Kuɗin nan ba kaɗan ba ne a wancan zamani. Sai ya ajiye aikinsa na albashi, ya jawo abokinsa Frank Hearle, wanda makaniki ne, suka kama wani ɗan shago a Landan suka duƙufa. A 1909 ya auri Louise Thomas. Ita ce ta zauna da keken ɗinkinta ta ɗinke yadin da aka rufe fukafukan jirgin da shi. Ku riƙe wannan, domin zan komo kansa.

Faɗuwar fari

A watan Disamba na 1909 suka kai jirgin wani fili da ake kira Seven Barrows. Ba wanda ya taɓa koya wa de Havilland tuƙin jirgin sama, don a lokacin masu koyarwar ma ba su da yawa a duniya. Ya hau, ya ba injin wuta, jirgi ya sheƙa a guje, ya ɗaga sama kaɗan. Nan take fiffike ya karye, jirgi ya rikito ƙasa ya ragargaje. Allah ya kiyaye, mai tuƙin ya fito da ɗan rauni kawai. Wahalar wata da watanni ta tashi a banza cikin ƙiftawar ido.

Da wani ne, da ya koma ya roƙi tsohon aikinsa. Shi kuwa sai ya tsince injin daga cikin tarkace, ya zauna ya binciki dalilin karyewar, ya gane katakon da ya sa ba shi da ƙarfin ɗaukar nauyin. Suka sake sabon jirgi, suka ɗora masa tsohon injin. A watan Satumba na 1910 jirgi na biyu ya tashi lafiya, ya sauka lafiya. A cikinsa ya koya wa kansa tuƙi, yau kaɗan gobe kaɗan. Da hannunsa ya faɗa, har matarsa ya ɗauka, tana rungume da ɗansu na fari wanda bai kai shekara ba. Sunan jaririn Geoffrey, kamar ubansa. Shi ma za mu sake gamuwa da shi.

Kuɗin kaka ya kusa ƙarewa ke nan sai gwamnatin Ingila ta sayi jirgin a kan fam 400, ta kuma ɗauke shi aiki a masana'antarta ta Farnborough, yana tsara jirage yana gwada su da kansa. A 1912 ya hau sama ƙafa 10,560 da wani jirgi da ya tsara, a lokacin ba wanda ya taɓa kaiwa haka a Ingila. A 1914 ya koma kamfanin Airco ya zama babban mai tsara jiragensu, kuma daga nan aka fara sa wa jiragensa haruffan DH da lamba. Shekarar nan aka fara Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka ƙera jiragensa dubbai. DH.4 kaɗai an yi kusan 5,000 a Amurka. A ƙarshen yaƙin aka fito da DH.9A, mai ɗaukar mutum biyu, da inji mai ƙarfin doki 400. Shi ne wanda muka yi wa dariya a aji.

Ranar da suka sauka Kano

Ran 27 ga watan Oktoba 1925, jirage uku ƙirar DH.9A na mayaƙan saman Ingila suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira a ƙasar Masar. Shugaban tafiyar wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. Suka biyo ta Sudan, suka ratsa Chadi, suna sauka suna shan mai a filayen da aka share musu. Ran 1 ga watan Nuwamba suka sauka Kano, zamanin Sarkin Kano Usman. Babu filin jirgi a Kano a lokacin, sai a filin dawaki suka sauka. Suka kai har Kaduna, sa'an nan suka juya, suka isa Helwan ran 19 ga watan.

Don mu gane girman abin, sai mu tuna yadda ƙasarmu take a shekarar nan. Gumel tana cikin Lardin Kano, Sarki Muhammadu na Kota ke bisa gado. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, amma hanyarsa ta Nguru, wadda ta bi ta Gagarawa, ba a gama ta ba sai 1930. Falke daga Maigatari ko Sule Tankarkar in zai kai kaya Kano da jakai, sai ya yi kwana da kwanaki a hanya. Mai niyyar aikin hajji kuwa, hanyar nan ta Chadi da Sudan ita zai bi da ƙafa, yana tafe yana tsayawa yana noma ko ƙwadago don ya sami guzuri. Wani ya yi shekaru kafin ya dawo, wani ma ba ya dawowa. Ga shi wasu mutane sun yanke hanyar nan, har da ƙari, cikin kwana shida, a kan katako da yadi.

Jirgin kowa da jirgin manya

Bayan yaƙi kasuwar jirage ta faɗi, kamfanin Airco ya rufe. A watan Satumba na 1920 de Havilland ya kafa nasa kamfani da wasu tsofaffin abokan aikinsa, a wani fili mai suna Stag Lane a gefen Landan. Ra'ayinsa shi ne, jirgin sama bai kamata ya tsaya ga soja kaɗai ba. Yana son jirgi ƙarami, mai sauƙin tuƙi, mai sauƙin gyara, wanda ba ya shan mai da yawa. A watan Fabrairu na 1925 ya tashi da jirgin da ya kira Moth. Ma'anar sunan ita ce faɗa-wuta, ɗan ƙwaron nan mai zagaya fitila da dare, domin tun yana yaro yana sha'awar tara irin waɗannan ƙwari yana nazarinsu. Ana iya naɗe fukafukan Moth, a ɗaura shi bayan mota a ja shi gida. Da irinsa wata Baturiya mai suna Amy Johnson ta tashi ita kaɗai daga Ingila zuwa Ostareliya a watan Mayu na 1930, tafiyar mil 11,000. Ƙanensa Tiger Moth, wanda ya fito a 1931, an ƙera fiye da 8,000, kuma a cikinsa dubban matuƙa suka koyi tuƙi.

Sa'an nan wani mai motocin haya, Edward Hillman, ya nemi a yi masa jirgin da zai riƙa kai fasinja Faransa da araha. Aka yi masa Dragon a 1932, mai inji biyu. A watan Janairu na 1934 aka fito da babban wansa, DH.86, mai inji huɗu, wanda ke ɗaukar fasinja goma ko fi. Bayan wata uku, ran 17 ga Afrilu 1934, sai ga autansu, DH.89, wanda aka sani da Dragon Rapide. Gaskiya ita ce ba de Havilland kaɗai ya zana su ba. Yana da gwanaye a ƙarƙashinsa, irin su Arthur Hagg mai tsara jiki da Frank Halford mai tsara inji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma shi ne mai gayya, kuma ra'ayinsa suke bi.

Bari in kwatanta muku Rapide, don shi ne gwanin kyau a cikinsu. Gangar jikinsa akwati ne na falankin katako marar kauri, an manne da gam, an lulluɓe da yadi. Fukafukansa huɗu dogaye ne, sun tafi suna tsukewa har ƙarshensu ya yi tsini kamar na tsattsewa. Ƙashinsu katako ne, an ɗinke yadi a kai, an shafa wani irin fenti mai sa yadin ya ɗame kamar fatar kalangu. Inji biyu gare shi, kowane mai ƙarfin doki 200. Matuƙi ɗaya ne, yana zaune can cikin hancin jirgin, gilashi ya kewaye shi. Fasinja shida zuwa takwas, kujera ɗaya dama ɗaya hagu, hanya a tsakiya, saboda haka kowa da tagarsa. Gudunsa na tafiya kimanin kilomita 210 ne a awa. Tsakanin Gumel da Kano in an miƙe sak kimanin kilomita 120 ne, ke nan da zai kai mu cikin abin da bai kai minti arba'in ba.

Me ya sa aka yi masa fiffike hawa biyu? Dalilin ba boyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa kallon kafinta na haɗa rufin ɗaki. Katako ɗaya dogo in an ɗora masa nauyi sai ya lanƙwashe. Amma in aka jera biyu, sama da ƙasa, aka tokare su da sanduna, aka gicciya waya, sai su zama abu ɗaya mai ƙarfi, ga shi kuma ba nauyi. Har wa yau faɗin fiffike biyu yana sa jirgi ya iya tashi da sauka a hankali, cikin ɗan gajeren fili. Aibinsa ɗaya, sanduna da wayoyin nan suna tare iska, suna hana gudu. Shi ya sa da aka sami ƙarfe marar nauyi da injuna masu ƙarfi, sai aka koma fiffike hawa ɗaya.

Masu kuɗi da masu mulki suka yi rububin Rapide. Aka riƙa ƙawata cikinsa da kujerun fata masu laushi. Yarima mai jiran gadon Ingila ya saya, aka yi masa fenti ja da shuɗi, kalar dogaran gidan sarautarsu. Da mahaifinsa ya mutu a watan Janairu na 1936, ya zama Sarki Edward na Takwas, cikin jirgin nan ya tafi Landan, ya zama sarkin Ingila na farko da ya hau jirgin sama yana kan gado. Kamfanonin man fetur a Iraƙi da Iran su ma suka saya don zirga-zirgar ma'aikatansu cikin hamada. A 1935 kamfanin ya ƙara fito da wani ƙarami mai kujera biyar, Dragonfly, musamman don attajirai, amma tsadarsa ta sa 67 kaɗai aka yi. Jirgi dai ba ya zaɓen wanda zai ɗauka. A watan Yuli na 1936, cikin wata Rapide ta haya aka ɗauko Janar Franco daga tsibiran Kanari zuwa Maroko, daga nan ya shiga jagorancin tawayen da ya jefa ƙasar Sifen cikin yaƙin basasa.

Mu ma rabonmu ya zo daga gidan nan. A watan Fabrairu na 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanya daga Hartum zuwa Kano, mako-mako, ta El Fasher da Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena, da Maiduguri. Jirgin da ya buɗe hanyar DH.86 ne mai suna Daedalus. Da fari wasiƙu yake ɗauka, daga baya aka fara ɗaukar fasinja. A watan Oktoba na shekarar aka miƙa hanyar har Ikko. Wasiƙar da a dā sai ta yi makonni a jirgin ruwa da jirgin ƙasa, ta koma zuwa cikin kwanaki. Ke nan jirgin soja na farko da jirgin haya na farko da suka sauka Kano duk haruffan mutumin nan ke jikinsu. Ko bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da aka kafa kamfanin jiragen sama na Afirka ta Yamma a 1946, da jiragen de Havilland ƙirar Dove ya fara aiki, sai dai su fiffikensu hawa ɗaya ne, jikinsu ƙarfe.

Abin da ya biya

Kada mai karatu ya zaci rayuwar mutumin nan duk daɗi ce. DH.86 kansa ya yi haɗurra a Ostareliya a 1934, mutane suka mutu, sai da aka yi masa gyare-gyare. Amma babbar jarrabawa tana gaba.

Da Yaƙin Hitila ya matso, de Havilland ya kawo shawarar a ƙera jirgin yaƙi na katako, wanda ba zai dogara da bindigogi don kare kansa ba sai da gudu. Manyan ma'aikatar jiragen sama suka yi ta jan ƙafa, suna ganin zamanin katako ya wuce. Ya nace har aka yarda. Jirgin, mai suna Mosquito, watau sauro, ya fara tashi ran 25 ga Nuwamba 1940, ɗansa Geoffrey ke tuƙi, jaririn nan da uwarsa ta rungume a jirgi na biyu. Ya fito yana cikin jirage mafi gudu na zamaninsa, aka ƙera fiye da 7,700. Su wa suka yi aikin? Masu yin kujeru da tebura da akwatuna, har da masu haɗa kayan kiɗa na katako, su aka ba aikin sassa da yawa na jikinsa. A 1944 Sarkin Ingila ya ba de Havilland lambar girma ta Sa.

'Ya'yansa uku ne, duka maza. A watan Agusta na 1943 ƙaraminsu, John, yana gwajin Mosquito, ya yi karo da wani jirgin a sama, ya mutu. Ran 27 ga Satumba 1946 babban, Geoffrey, yana gwajin wani sabon jirgi mai tsananin gudu, DH.108, jirgin ya tarwatse a sama kusa da bakin kogin Thames, shi ma ya mutu. Uwarsu Louise, mai keken ɗinki, ba ta daɗe ba bayansu, ta mutu a 1949. Iyayenmu da ke karanta wannan sun fi ni sanin nauyin abin da ya sami mutumin nan: 'ya'ya biyu, kowanne cikin jirgin da ke ɗauke da sunan gidansu.

Duk da haka bai ajiye aiki ba. Ran 27 ga Yuli 1949, ranar da ya cika shekara 67, jirginsa Comet ya fara tashi. A watan Mayu na 1952 ya fara jigila daga Landan zuwa Johannesburg, ya zama jirgin fasinja na farko a duniya mai injin jet. Sai kuma a 1954 guda biyu suka fashe a sama kusa da Italiya, ɗaya a Janairu ɗaya a Afrilu, ba wanda ya tsira. Aka dakatar da su duka. Masu bincike a Farnborough suka sa gangar jirgi ɗaya cikin wani ƙaton tankin ruwa, suna matsa ta suna saki, sau dubbai, har ta tsage. Suka gane ƙarfe ma yana gajiya. Kowa ya san in ka yi ta lanƙwasa waya gaba da baya, daga ƙarshe sai ta karye. Haka jikin jirgin yake kumbura ya saki duk hawa da sauka, tsaga kuwa takan fara daga kusurwar tagogi da sauran kafofin da aka yanke a jikinsa. Aka bayyana wa duniya sakamakon. In ka shiga jirgi yau ka ga tagarsa ba ta da kusurwa mai kaifi, to darasin da aka koya ke nan, da rayukan mutane aka saye shi. Kafin a gyara Comet ya dawo a 1958, Amurkawa sun shirya nasu, suka kwashe kasuwar. A 1960 kamfaninsa ya shiga ƙarƙashin Hawker Siddeley.

Ya mutu ran 21 ga Mayu 1965 a Watford, yana da shekara 82. Bisa al'adarsu aka ƙone gawarsa, aka watsa tokar daga jirgin sama a kan Seven Barrows, filin da ya fara faɗuwa kuma ya fara tashi.

Me ya sa har yanzu ake son Rapide?

An daina ƙera shi tun 1946, bayan an yi fiye da 700. DH.86 irin wanda ya zo Kano ko ɗaya bai rage ba a duniya. Amma Rapide ya ƙi mutuwa. Bayan yaƙi ya yi shekaru yana kai mutane da wasiƙu ƙananan tsibiran Birtaniya, wani wuri ma a kan rairayin bakin teku yake sauka. Wasu suna ajiye a gidajen tarihi, wasu kuwa masu sha'awa sun gyara su suna tashi da su a ranakun nunin jirage a Ingila. Jirgi ne wanda ya haura shekara 80, ba shi da gudu, ga ƙara, amma mutane na tururuwar kallonsa.

A ganina dalilai uku ne. Na fari, kyau. Kome nasa ya dace da ɗan'uwansa, ba abin da aka liƙa don ado kawai. Na biyu, ba ya nisa da ƙasa, saboda haka na ciki yana ganin gonaki da shanu da rufin gidaje, ya san lalle tashi yake yi. Na uku, wanda ya fi muhimmanci a wurina, aikin hannu ne wanda ido ke iya bi. Kana ganin sandar da ta tokare fiffike, kana ganin wayar da ta ɗaure shi, kana ganin sawun allura a jikin yadi. In katako ya ruɓe, gwanin kafinta ya sassaƙa wani. In yadi ya tsufa, a ɗinka sabo. Shi ya sa bai ƙare ba. Kamar sirdin doki ne na gidan sarauta ko babbar riga mai aska takwas: mota ta zo, kwat ta zo, amma ranar hawan salla su ake fitowa kallo.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, a nan nake son mu tsaya mu dubi kanmu. Da yawa daga cikinmu in lokacin darasin aikin katako ko zanen injiniya ya yi, sai mu riƙa noƙewa, muna ganin aikin waɗanda suka kasa karatu ne. Ni kaina da na shigo makarantar nan, in aka tambaye ni sana'ar mahaifina sai in yi ƙasa da murya. Ran nan da na je hutu na zauna a shagonsa ina kallon yadda yake jan yadi ƙarƙashin allura, sai na tuna da Louise da kekenta, kunya ta kama ni. Ba ina cewa kafinta da tela kaɗai za su iya ƙera jirgi ba. Jirgin de Havilland na farko ya karye ne domin lissafinsa bai cika ba. Sai da ilmin makaranta ya haɗu da gwanintar hannu sa'an nan abu ya tashi. Mu kuwa muna da masu hannu a kowace kasuwa, daga Gumel har Maigatari, muna kuma da masu takarda a ofis-ofis, amma kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Iyayenmu kuma ina roƙonku da ladabi. In kun ga yaro yana haɗa mota da karan dawa, ko yana kwance tsohuwar rediyo don ya ga abin da ke ciki, kada a kore shi da tsawa a ce ɓarna yake yi. Kakan de Havilland ya ba da fam 1,000, aka ragargaza jirgin farko, bai ce a biya shi ba. Ba kowa ke da irin wannan kuɗi ba, amma kowa na da haƙurin da zai bar yaro ya sake gwadawa. Makarantar koyon tuƙi da gyaran jiragen sama tana nan Zariya tun 1964, ba a rubuta a ƙofarta cewa ban da ɗan Gagarawa ko ɗan Sule Tankarkar ba. Ni dai can na sa gaba in Allah ya yarda, kuma ran da na isa, in aka tambaye ni, da ƙarfi zan ce ni ɗan tela ne.